Kankia: Ranar Da Wa Da Ƙani Suka Nemi Kujera Ɗaya

A watan Agustan 2018, mu mutanen Kankia da Kusada mun ga abin da ba kasafai ake gani ba. Bayan rasuwar Sanata Mustapha Bukar, an yi zaɓen cike gurbi na mazaɓar Katsina ta Arewa, manyan 'yan takara biyu kuma 'yan gida ɗaya ne daga Kankia: Ahmad Babba Kaita a APC, yayansa Kabir a PDP. Ƙanin ne ya yi nasara. A 2022 shi ma ya koma PDP, kujerar kuma ta kuɓuce masa a 2023.

Haka ƙuri'ar jiharmu take juyawa. PDP ta mulki Katsina daga 1999 zuwa 2015, sannan APC ta karɓa. A 2023 Atiku Abubakar na PDP ya lashe jihar a zaɓen shugaban ƙasa, bayan makonni uku aka ba Dikko Radda na APC gwamna.

Jam'iyya riga ce, manya na sauya ta. To, don me za mu yanke zumunci saboda ita? Ƙuri'a shaida ce da za a tambaye mu a kanta; mu ba wanda muka san amanarsa, maƙwabcin da ya saɓa mana kuma mu ci gaba da yi masa sallama.