Farin Gilashi Ko Na Gama-gari: Abin Lura Kafin Gina Babban Tankin Murjani

Duk wanda ya taɓa shiga shagon masu yankan gilashi ya ga fallayen da aka jingina da bango, zai tuna cewa bakinsu kore ne. Ta fuska gilashin garau yake, amma ta gefe sai ka ga tsanwa, kuma iya kaurinsa iya duhunta. Mai neman gilashin taga ba ruwansa da wannan. Wanda ya ƙudiri gina babban tankin ruwan gishiri domin kiwon murjani mai rai da kifayen teku kuwa, wannan koren ne mai sayarwa zai fara ɗaga masa hankali da shi, har ya sa shi zuba kuɗi a inda ba nan ne buƙata ta fi yawa ba.

Koren daga ƙarfe yake zuwa. Yashin da ake narkawa a yi gilashi ba ya rasa ɓurɓushin sinadarin ƙarfe, kuma a gilashin gama-gari yakan kai kusan kashi 0.1 cikin ɗari. Wannan ɗan abin yana shanye wani ɓangare na jan haske, sai abin da ya wuce ya karkata zuwa kore. Farin gilashi, wato mai ƙarancin ƙarfe, da zaɓaɓɓen yashi ake yin sa, ƙarfen cikinsa kusan kashi 0.01, ɗaya bisa goma ke nan na wancan. In ban da wannan, hanyar yin su ɗaya ce: ana kwarara narkakken gilashi a kan narkakken ƙarfen kuza, irin wanda ake haƙowa a Jos, ya shimfiɗu sumul. Alastair Pilkington ne ya ƙirƙiro dabarar a Ingila, aka bayyana ta ga duniya a 1959. A kasuwa za ka ji farin da sunaye kamar Starphire, ko Optiwhite na kamfanin Pilkington, ko Diamant na Saint-Gobain da ke Faransa, ko UltraClear na Guardian.

Ba zan ce bambancin ƙarya ne ba, domin ido yana ganinsa. A gilashin taga mai milimita 4 ko 5 sai mai lura sosai zai gane. Amma babban tanki da milimita 12, 15 ko 19 ake yin sa, kuma a nan ne koren yake taruwa. A kaurin milimita 19, farin gilashi yana barin kusan kashi 90 na haske ya ratsa, na gama-gari kuwa kashi 80 da 'yan kai. Ka zuba farin yashi a ƙasan tanki, ka leƙa ta gilashin gama-gari mai kauri, za ka ga yashin ya yi kore-kore, jan murjani ya dusashe, mai ruwan hoda ya koma kamar ya sha wanki. Ka leƙa ta farin, sai ka ga kamar babu komai tsakaninka da ruwan. Wanda ya taɓa ganin launukan murjanin Bahar Maliya a Jidda ko a gaɓar Sudan ya san abin da mai kiwo yake kwaɗayin kawowa falonsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai dai a tsaya a bambance wanda yake cin wannan moriya. Mai kallo ne, ba murjanin ba. Gaskiya ne murjani da haske yake rayuwa, domin akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani a cikin jikinsa, su ne suke haɗa masa mafi yawan abincinsa idan haske ya same su. To amma daga ina hasken yake shigowa? Daga fitilun da aka rataya a sama, ta fuskar ruwa, ba ta bangon tanki ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka murjani zai fi saurin girma a tankin farin gilashi, ciniki yake nema. Inda kawai gilashi yake shiga tsakanin fitila da ruwa shi ne murfi ko sandar gilashin da ake gittawa a tsakiya, kuma a nan ma busasshen gishirin da yake taruwa a kai ya fi ƙarfen tare haske. Haka nan masu kiwo da yawa shuɗiyar fitila suka fi kunnawa don ta fito da ƙyallin murjani, kuma a ƙarƙashinta bambancin gilasan biyu yana raguwa sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗauka cewa tsada ƙarfi ce. Farin gilashi bai fi na gama-gari ƙarfi ba ko kaɗan, idan kaurinsu ɗaya. Mu ɗauki tanki mai tsawon santimita 180, faɗi 60, tsayi 60. Zai ci lita 648. Ruwan teku ya ɗan fi na rijiya nauyi, don haka ruwan kaɗai ya haura kilo 660, ba a sa duwatsu da yashi da nauyin gilashin ba. Fallen gaba shi kaɗai, a kaurin milimita 12, ya kai kilo 32, kuma ruwan yana tura shi waje da ƙarfin da ya haura kilo 300, dare da rana, shekara da shekaru. Zurfin ruwa ne yake ƙara wannan turi, shi ya sa ƙarin santimita 15 a tsayi yakan tilasta a koma milimita 15, kuma tankin da ba a ɗaure bakinsa da sanduna ba yana buƙatar kauri fiye da wanda aka ɗaure. Idan kuɗinka ba zai kai ga farin gilashi mai cikakken kauri ba, kada ka yarda a rage kauri don a sami fari. Ka ɗauki na gama-gari mai kaurin da ya dace. Ranar da tanki ya tsage cikin dare, ruwan gishiri ya malale falo ya riski wayoyin lantarki, ga yara suna barci a ɗaki, ba wanda zai tambayi launin bakin gilashin.

Haɗin ma haka. Abin da yake riƙe fallayen shi ne silikon, kuma ba kowane ba. Wanda ake sayarwa domin banɗaki da kicin galibi akwai maganin hana fumfuna a ciki, wanda guba ne ga kifi da murjani. A nemi wanda aka rubuta cewa na tankin kifi ne. Teburin da za a ɗora tankin ya zama daidai ta kowace kusurwa, domin karkata kaɗan tana murɗa gilashi. In a bene ne, a tambayi injiniya ko benen zai ɗauka.

Akwai kuma gilashin da aka gasa don ƙarin ƙarfi, irin na tagogin gefen mota. Ana samunsa fari, ana samunsa kore. Ba ya huduwa. Tankin murjani yakan buƙaci huda domin bututun da yake kai ruwa wurin tacewa, kuma da zarar an ɗora abin huda a kan gasasshen gilashi sai ya tarwatse gaba ɗaya. A yi duk huda kafin gashi, ko a tabbatar fallen ba gasasshe ba ne.

Masu kiwo da dama suna ƙorafin cewa farin gilashi ya fi saurin karcewa. Abin da kowa zai iya kiyayewa shi ne, mafi yawan karce daga abin goge gansakuka mai maganaɗisu yake zuwa, idan ƙwayar yashi mai tauri ta maƙale a ƙarƙashinsa aka ja ta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kada a kai shi dab da yashi, kuma a ɗauraye shi kafin a fara.

Shawarata ita ce a raba. Fallen gaba a sa fari, tare da duk gefen da mutane za su riƙa kallo ta nan. Bayan tanki dai fenti baƙi ko shuɗi ake shafa masa, ko kuma gansakuka ta lulluɓe shi. Ƙasa yashi da duwatsu ne a kai. Sa farin gilashi a waɗannan wurare biyu asarar kuɗi ce tsagwaronta, kuma haɗa iri biyun a tanki ɗaya ba ya kawo wata matsala. Wajen saye kada ka tsaya ga sunan da aka faɗa maka. Ka ce, "Maigida, a juyo mini bakin fallen in gani." Na gama-gari kore ne shar, farin kuwa fari ne ko mai ɗan shuɗi-shuɗi. Ka sa farar takarda a bayan kowanne ka kwatanta, kuma ka yi wannan kafin a haɗa tankin.

Idan tanki ya wuce wani girma, zancen gilashi ma ƙarewa yake, a koma roba mai garau da ake kira akirilik. Tagar babban tankin da aka buɗe a Dubai a 2008 da ita aka yi, kaurinta santimita 75. Nauyin akirilik kusan rabin na gilashi ne, amma ta fi kowane gilashi saurin karcewa.

Mai gina irin wannan tanki a Kano ko Sakkwato ko Yamai yana da wata matsalar da ta fi ta launi girma. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyas, alhali zafin bazara a garuruwan nan yakan haura 40. Dole ne a sami na'urar sanyaya ruwa, kuma famfunan da suke motsa ruwan ba sa hutawa. Idan aka ɗauke wuta ruwa ya tsaya cik na wasu awanni, iskar da ke cikinsa takan ragu, kifi su fara mutuwa, murjani ya biyo baya. Kuɗin da aka tsira da shi a fallen baya da na ƙasa, a zuba shi a inbata da batura da sola. Kuma kafin a shigo da tankin cikin gida, a cika shi da ruwan famfo a tsakar gida a kan shimfiɗaɗɗen wuri, a bar shi 'yan kwanaki ana duba kowane haɗi da busasshen tsumma, sannan a zubar a kawo shi mazauninsa a haɗa ruwan gishiri.