Bashin da Ɗan Kasuwa Yake Bi

Idan ɗan kasuwar Zadawa ya saro buhunan gero a Azare, ya raba wa masu awo bisa alkawarin biya ran kasuwa mai zuwa, to, kuɗin nan da bai shigo aljihunsa ba tukuna dukiyarsa ce, kuma ma'abota ilmin hisabi cikin kadara suke lissafa shi, tare da tsabar kuɗi da hajar rumbu. Bashin da ake binsa kuwa, sai an cire shi kafin haƙiƙanin jari ya bayyana.

Abin takaici, da yawa sun dogara ga ƙwaƙwalwa, alhali aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da ajalinsa. Malaman Malikiyya ma sun wajabta wa mai jujjuya haja ya haɗa bashin da yake tsammanin samu cikin lissafin zakkarsa, ɗaya bisa 40.