Idan Kamfani Ya Rufe Tsohon Netwok: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Sauya Waya

Duk wanda ya bi hanya daga Baure zuwa Daura da waya a hannu ya san yadda harafin da ke gefen sandunan sabis yake canjawa: yanzu 4G, an jima H, can gaba kuma E. Kowane harafi netwok ne daban. E da G su ne 2G, H da H+ su ne 3G, LTE kuma shi ne 4G. Kamfanonin sadarwa a ƙasashe da dama sun fara kashe tsofaffin, kuma ranar da hakan ya iso gare mu, wasu wayoyi masu lafiya ƙalau za su rasa sabis. Yau za mu duba yadda za ka gane ko taka na ciki, da yadda za ka zaɓi wata ba tare da ka yi asarar kuɗinka ba.

An taɓa yin haka a Najeriya

Bayan zuwan GSM a 2001, akwai kamfanoni irin su Starcomms da Multi-Links da Visafone da suke aiki da wata fasaha daban mai suna CDMA. Sun yi tashe sosai, musamman a Kano da Legas, daga baya kasuwa ta juya musu baya. A farkon 2016 MTN ya saye Visafone, wanda ke da lasisin zangon 800MHz mai kyau ga 4G. An mayar da masu layin Visafone kan MTN, amma wayar CDMA ba ta aiki da layin GSM. Dole suka nemi wata, tsohuwar kuma ta koma ta kunna tocila da jin rediyo.

A ƙasashen waje ma haka ne. A Amurka, AT&T ya rufe 3G a watan Fabrairun 2022, Verizon kuma a ƙarshen Disambar shekarar. A Ostireliya, Telstra da Optus sun fara rufe nasu ranar 28 ga Oktoban 2024. Birtaniya ta tsayar da 2033 a matsayin iyakar lokacin da za a gama da 2G da 3G baki ɗaya.

Me ya sa suke rufewa?

Zangon da kamfani ke aika saƙo a kansa kamar gona yake: yana da iyaka, kuma da kuɗi mai yawa ake sayen lasisinsa daga hukumar NCC. A kan zango iri ɗaya, 4G yana ɗaukar data fiye da 3G nesa ba kusa ba. Ga kuma kuɗin gas da gyaran na'urori kala uku ko huɗu a kan ƙarfen sabis guda. Shi ya sa kamfani yake cire tsohon ya dasa sabo a wurin.

A wurare da yawa 3G ake fara kashewa a bar 2G, domin ƙananan wayoyi masu madanni a kansa suke rayuwa. Ke nan 'yar Nokiar Baba mai tocila na iya daɗewa fiye da tsohuwar Android ɗin da iyakarta H+. Mai irin wannan Android ɗin zai faɗo kan E, inda buɗe hoto ɗaya a WhatsApp sai ka gaji da jira.

Rubuta 4G a kwali bai wadatar ba

Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Asalin 4G don data aka gina shi. Idan kira ya shigo, wayoyi da yawa sukan sauka kan 3G ko 2G su amsa, sannan su koma. Fasahar da ke ba waya damar yin kira a kan 4G kai tsaye ita ce VoLTE, kuma sai wayar da kamfanin layin duka sun yarda da ita take aiki. A Ostireliya an toshe wayoyi masu 4G da dama daga netwok saboda ba sa iya kiran lambar gaggawa ta wannan hanya.

Gwajin ba shi da wuya. Ka tsaya inda wayarka ke nuna 4G, ka kashe Wi-Fi, ka kira wani, sannan ka kalli saman allon. In 4G ya tsaya, ko ka ga an rubuta VoLTE ko HD, kana lafiya. In ya koma H ko E, wayarka tana dogara da tsohon netwok wajen kira. Ka shiga Settings, sannan Mobile network, ka nemi maɓallin VoLTE ka kunna. In babu, ka kira 300, lambar kula da abokan hulɗa ta dukkan layukan Najeriya, ka tambaya ko layinka da samfurin wayarka suna ɗauka.

Wataƙila sim ne matsalar

Kafin ka ɗora wa waya laifi, ka duba sim ɗin. Layin da aka saya tun da daɗewa zai iya kasancewa ba na 4G ba ne. Ka zare shi ka saka a wayar abokinka mai 4G. In can ma bai wuce H ba, ofishin kamfanin za ka je da lambar NIN ɗinka a sauya maka sim, lambarka kuma tana nan yadda take. Wannan ya fi sayen sabuwar waya sauƙi ƙwarai.

In sauyawa ta kama

Kada ka zauna jiran kyauta. AT&T ya aika wa wasu abokan hulɗarsa wayoyi kyauta, amma a can mutane da yawa daga hannun kamfanin layi suke karɓar waya bisa yarjejeniyar biya wata-wata. Mu nan a kasuwa muke sayen waya, layi daban. Duk saƙon da ya ce ka danna wani adireshi ka karɓi wayar 4G kyauta, ya kuma nemi BVN ko lambar sirrin da banki ya turo maka, na 'yan damfara ne.

Ko a Daura za ka saya ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, ka duba waɗannan:

1. Lambobin zango. Ka nemi wayar da ke ɗaukar B3, B7, B20 da B28, wato 1800, 2600, 800 da 700MHz. Ga mutumin karkara B20 da B28 sun fi muhimmanci, domin ƙaramin zango ya fi tafiya nesa da ratsa bango. 4G ɗin Glo, misali, an san shi da B28, kuma ba kowace waya ke da shi ba.
2. Gwaji da sim ɗinka a gaban mai shago. Ka kunna data, ka yi kira, ka kalli harafin.
3. Wayoyin gwanjo na waje. Wasu na Amurka a kulle suke ga kamfani ɗaya, wasu kuma zangonsu bai dace da namu ba.
4. Lambar IMEI. Ka danna *#06#, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da ita.
5. Ramin sim biyu. Ga masu shiga Magarya ta Babban Mutum da layin Airtel Nijar ko Zamani a aljihu, a tabbata duka ramukan suna ɗaukar 4G, domin a wasu tsofaffin wayoyi na biyun iyakarsa 2G.

Ba lallai sai 5G ba. MTN ya fara shi a 2022, Airtel a 2023, kuma daga manyan birane suka soma. Waya mai 4G da VoLTE da batir mai ƙwari ta fi maka amfani a Baure.

Kafin ka saki tsohuwar

Ka mayar da lambobinka cikin asusun Google, ka adana hirarrakin WhatsApp a Google Drive, ka shiga manhajojin banki a sabuwar ka tabbata suna buɗewa. Daga nan ka cire asusun Google daga tsohuwar kafin ka goge ta gaba ɗaya, in ba haka ba za ta kulle wa wanda ya saya. In ma ba ka sayar ba, tana aiki da Wi-Fi, yara za su yi karatu da ita.

Kada kuma a manta da sauran na'urori masu sim: injin POS, ƙaramin modem, da na'urar bin sawun mota ko babur. Mai sana'ar POS ya tambayi kamfanin da ya ba shi injin wane netwok yake ɗauka, tun kafin ranar kasuwa ta zo masa da layin mutane a gaba.

Ka yi gwajin kiran nan yau, ka yi wa iyaye da ƙanne ma. Wanda ya sani da wuri zai tara kuɗi a hankali ya zaɓi abin da yake so, maimakon ya saya cikin gaggawa lokacin da kowa ke nema, farashi ya tashi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.