Jatan lande da tsargiya: darasi daga kogin Sanagal

A shekarar 1986 aka kammala madatsar Diyama kusa da bakin kogin Sanagal. Jatan lande, wanda ƙananansa ke tasowa cikin ruwan gishiri, ya rasa hanyar haurowa kogi. Alhali shi ne ke cinye katantanwa mai ɗauke da ƙwayar tsargiya. Da ya yi ƙaranci, katantanwa ta yawaita. A 1988 tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Rishar-Tol. Masana sun maido shi a ƙauyen Lamsar, cutar kuwa ta ragu, kamar yadda suka bayyana a 2015.

Jama'a, mu ma a Dakusa yaranmu na wanka a tabkuna. Kafin hukuma ta datse ruwa, ya kamata ta bincika: wa ke cin wa a cikinsa?