Yadda Manhaja Ke Sauya Tsarin Cin Wutar Kwamfuta

Kwamfuta ba ta cin wuta daidai wa daida a kowane lokaci. Ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, tana iya aiki da sauri ko a hankali, kuma gwargwadon saurinta, gwargwadon wutar da take sha da zafin da take fitarwa. A shekarar 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da ƙa'idar ACPI, wadda ta danƙa ragamar wannan al'amari a hannun babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, ta zo da tsare-tsare uku: na tsimin wuta, na tsaka-tsaki, da na cikakken ƙarfi. Kowane tsari ya ƙunshi dokoki, kamar iyakar saurin furosesa, da lokacin da allo zai dushe, da lokacin da na'urar za ta yi barci.

Ba dole sai mutum ya zaɓa da hannunsa ba. Umarnin powercfg /list yana jero tsare-tsaren da ke cikin na'ura, powercfg /setactive kuwa yana ɗora wanda ake so. Mai rubuta manhaja yana iya kiran aikin PowerSetActiveScheme kai tsaye. Da yake sunan tsari yana sauyawa daga wannan harshe zuwa wancan, akan nemi tsarin ne da lambarsa ta musamman mai alamomi 32, wadda ake kira GUID. Ta haka manhajar da ke haɗa bidiyo za ta ɗora cikakken ƙarfi yayin da aiki ya yi nauyi.

Sai dai akwai abin lura. Sauyin yana shafar kwamfutar baki ɗaya, kuma ba ya warwarewa don an rufe manhajar. Idan manhajar ta tsaya bagatatan kafin ta mayar da tsohon tsari, na'urar za ta ci gaba da zuƙar batir mai ita bai sani ba, sai ranar da aka ɗauke wuta ta mutu ana tsakiyar aiki.

Saboda haka ƙwararren mai rubuta manhaja yakan bi matakai uku. Da farko ya tambayi tsarin da ke aiki ta PowerGetActiveScheme, ya adana lambarsa. Sannan ya duba ko na'urar tana jone da wuta ko tana kan batir, kafin ya sauya komai. Daga ƙarshe ya tanadi hanyar mayar da tsohon tsari, ko aikin ya kammalu lafiya ko ya sami tangarɗa. Ɗalibin da zai gwada wannan a ɗakin kwamfuta na makaranta, ya fara rubuta matakin mayarwa kafin na sauyawa.