Direbobin Kumasi da darasin sa'a shida

A shekarun 1990, wani likitan tiyata Ba'amurke mai suna Charles Mock, wanda ya daɗe yana aiki a Ghana, ya yi wani lissafi tare da abokan aikinsa. Sun kwatanta mutanen da suka ji mummunan rauni a Kumasi da irinsu a birnin Siyatil na Amurka. A Kumasi 63 cikin ɗari ke mutuwa, a Siyatil 35. Kowa zai ce ai dama, ina asibitin Kumasi ina na Amurka. Amma da aka bi diddigin inda ake mutuwar, sai aka tarar 51 cikin ɗari na masu raunin a Kumasi ba su kai ƙofar asibiti da rai ba. A bakin titi suke cikawa, ko a kujerar bayan mota.

Lokacin Ghana ba ta da tsarin motocin asibiti na ƙasa. Wanda ke kwasar mai rauni shi ne direban tasi ko na bas da Allah ya kawo wurin. Maimakon su zauna jiran motocin da babu ranar zuwansu, likitocin suka nufi tasha. Suka haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta GPRTU, daga 1998 zuwa 2000 suka koyar da direbobi 335, kowanne sa'a shida kacal. Ba dogon turanci, ba a damu da wanda bai iya karatu ba. A aikace aka nuna musu komai: yadda za a tsare wurin haɗari kada wata motar ta zo ta ƙara ɓarna, yadda za a kwantar da wanda ya suma a gefensa don kada jini ko amai ya shaƙe shi, yadda ake danne rauni har jini ya tsaya, yadda ake tallafe karaya da abin da ke kusa. Kuɗin da aka kashe wa kowane direba bai wuce dala 3 ba.

Bayan kusan shekara aka nemo wasu daga cikinsu. 61 cikin ɗari sun ce sun yi amfani da abin da suka koya. Masu tsayar da jini sun tashi daga 4 cikin ɗari zuwa 42, masu kula da numfashi daga 2 zuwa 35. Gaskiya ne daga bakin direbobin aka ji wannan, kuma direba ba ya rasa ɗan ƙarin gishiri. Ko an rage gishirin, tazarar tana da yawa. Sai a 2004 Ghana ta kafa hukumar motocin asibiti, bayan turmutsutsun filin wasa na Akara na 9 ga Mayu 2001, wanda ya ci rayuka 126.

A nan Zamfara ma, mutumin Kekun Waje ya san wannan hali ba sai an faɗa masa ba. Idan mota ta kife a titin Tsafe zuwa Gusau, ko tsakanin Bungudu da Gusau, 'yan acaba da direbobi ne ke fara isa, tun kafin a tuna da lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Da kyakkyawar niyya ake ɗura wa sumamme ruwa, a kama shi hannu da ƙafa, a lanƙwasa shi cikin mota zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko asibitin Yariman Bakura. Wani a wannan ɗaukar ake ƙarasa masa ƙashin baya.

Koyar da direba ba baƙon abu ba ne a Zamfara. Shirin lafiya na PRRINN-MNCH ya taɓa horar da 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW a nan da Katsina da Jigawa da Yobe su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti. Sai dai abin da ke sa direba ya wuce mai rauni shi ne tsoron a riƙe shi da tambayoyi, ko a ce sai ya ajiye kuɗi kafin a taɓa majinyacin. Alhali kuwa Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, kuma hukuncin wanda ya ƙi shi ne tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun.