Ƙwayoyin Polima a Matsayin Sinadarin Fito da Ƙari a Hoton Maganaɗisu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana wata matsala da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya, watau samun sinadarin da zai zauna cikin ƙari har a ɗauki hotonsa, sa'an nan ya fita daga jiki bai bar illa ba.

2.0 Asalin Matsalar

Tun shekarar 1988 ake yi wa majiyyata allurar gadoliniyam kafin a ɗauki hoton maganaɗisu, watau MRI, domin ƙari ya bambanta da lafiyayyen nama. Da yake ƙarfen yana da guba, akan ɗaure shi da wani sinadari. Sai dai ƙwayoyinsa ƙanana ne ainun, ƙoda kan tace su cikin 'yan sa'o'i.

A shekarar 1986 Matsumura da Maeda na ƙasar Japan suka nuna cewa jijiyoyin jinin ƙari suna yoyo, magudanan da ke kwashe ruwa daga cikinsa kuma ba su aiki sosai. Saboda haka manyan ƙwayoyi kan shiga su maƙale. Wannan ne ya jawo hankali ga polima, sinadarin da ginuwarsa ta yi kama da carbi. Ana dunƙule shi ya zama ƙwayoyi masu faɗin nanomita 10 zuwa 200, alhali milimita ɗaya nanomita miliyan ɗaya ce. Ƙwaya guda tana ɗaukar gadoliniyam mai yawa, tana kuma juyawa a hankali cikin ruwa, wanda ke ƙara wa hoton haske.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Girman da ke tsayar da ƙwayar cikin ƙari shi ne ke hana ta fita, domin ƙoda ba ta tace abin da ya wuce kimanin nanomita 6. A 2006 aka danganta gadoliniyam da wata cuta mai sandarar da fata ga masu ciwon ƙoda, don haka daɗewarsa a jiki abin tsoro ne. Bugu da ƙari, bitar da masanan Jami'ar Toronto suka buga a 2016 ta nuna cewa a gwajin dabbobi, a tsakaitawa, kashi 0.7 cikin 100 kaɗai ke isa ƙari. Hanta da saifa ke riƙe mafi yawa.

Ana bin hanyoyi biyu. Ta farko, polima mai wargajewa a jiki zuwa gutsattsarin da ƙoda ke iya tacewa. Ta biyu, maye gurbin gadoliniyam da sinadarin baƙin ƙarfe mai rigar polima, kamar ferumoksitol, wanda Amurka ta amince da shi a 2009 don maganin ƙarancin jini, likitoci kuma suka riƙa amfani da shi wajen hoto.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, a bayyane yake cewa hasken hoto kaɗai bai isa ma'auni ba. Wajibi ne duk mai bincike ya nuna yawan abin da ya isa ƙari, da hanyar da saura zai bi ya fita, kafin a kai ƙwayar ga majiyyaci.